Na Ga Talatin da Biyu, Na Rubuta Sittin da Huɗu

'Yan uwa, kafin in fara bari in faɗa muku halina da bakina, don kada a tsakiyar labari ku ce na ɓoye muku. Ni ba na iya magana ba gishiri. Tun ina ƙarama, in na ga kaji uku a hanya, kafin in iso gida sun zama bakwai har da zakara. A gidanmu an saba, dariya ma ake yi, Mama ta ce, "Auta, rage mana rabi mu ji." Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙarya ba, ado na ɗauke shi. Sai jiya Alhamis na gane akwai abin da ba ya karɓar ado.

Ga wanda yau ya fara bina, mu biyu muka rage a gaban iyayenmu, ni da yayana namiji. Baba ya yi ritaya, idonsa ya yi rauni, kuma tun daga nan duk wata magana mai nauyi sai ya ce a tambayi Yaya. Shekarata ashirin da bakwai. Goggona, ƙanwar Baba, ba ta bari in manta da wannan lissafi, don duk mako sai ta bugo waya, bayan gaisuwa ta ce, "To, har yanzu shiru?" Mama ba ta faɗa da baki, amma duk katin bikin da aka kawo a kan firij take ajiye shi, daidai inda zan gani in na je shan ruwa.

Kuma ba wai ba ni da kowa ba. Wata takwas ke nan ina tare da wanda Mama ta raɗa wa Injiniya. Gyaran kwamfuta yake yi, yana da ɗan shago a layin shagunan da ke bayan tashar mota. Mutum ne mai sanyi, ba ya gaggawar magana, in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya duba agogo sau biyu kafin ya faɗa. Ina sonsa, ban ga abin ɓoyewa ba. Makon jiya Baba ya ce ya zo ranar Asabar ya gaishe shi, amma da sharaɗi ɗaya, sai Yaya yana zaune kuma ya ce ya yarda.

To nan gizo ke saƙar. Shekara biyu da suka wuce Yaya ya kai kwamfutarsa wurin wani mai gyara, mutumin ya zare masa katin hoto mai kyau, wato na'urar da ke fito da hoto a gilashinta, ya maye masa da tsoho, bai gane ba sai bayan wata guda. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Tun daga ranar, a wurin Yaya masu gyara duk kanwar ja ce. Da Mama ta gaya masa sana'ar mai nemana, ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba, cewa kawai ya yi, "Mai sukudireba? Allah ya kyauta."

Sai kun san kwamfutar nan za ku fahimci girman abin da na aikata. Yaya ma'aikacin jinya ne, a tsaye yake wuni. In ya dawo ya watsa ruwa, sai ya shige ɗakinsa ya zauna a kujerarsa mai yagaggen hannu da ya naɗe da tawul, ya sa abin ji a kunne, ya kama wasan tseren mota a kwamfutar. Wannan sa'a guda ita ce hutunsa, ko Baba ba ya kiransa a cikinta. Ita kwamfutar tsohuwar ta ofis ce ya saya, baƙa, tana ƙarƙashin tebur, ya yi ta ƙara mata kaya kaɗan-kaɗan har da wata fanka mai shuɗin haske. In zai fita sai ya lulluɓe gilashinta da tsohuwar rigar filo. Ko kalmar sirri bai sa mata ba, don ya san duk gidan ba mai ƙarfin halin taɓa ta.

'Yan watannin nan ta fara ba shi haushi. Yana tsakiyar shan kwana sai motar ta tsaya cak, kafin ta motsa kowa ya wuce shi, sai ka ji ya doki tebur. Na ji shi yana gaya wa abokinsa a waya cewa ram ɗinta ne ya yi kaɗan. Da na tambayi Injiniya mene ne ram, sai ya ce in ɗauka teburin da kwamfuta ke baje aikinta ne. In teburin ƙarami ne, sai ta yi ta kwashe wannan tana ɗora wancan, shi ne tsayawar da ake gani.

Ranar Talata aka tura Yaya wani horo na kwana uku a wajen gari, sai Juma'a zai dawo. Yana fita dabara ta faɗo min. Na ce in ya dawo ya tarar motarsa na gudu ba tsayawa, kuma ya ji wanda ya yi aikin, ai maganar Asabar ta ƙare. Na ji ni kamar wadda ta fi kowa wayo a duniya, nan take na tura wa Injiniya saƙo.

Amsar farko da ya turo ita ce, "Yayanki ya sani?"

Na tsaya ina kallon tambayar. Na san in na ce a'a, ba zai taɓa ko wayar wutarta ba. Sai yatsana ya rubuta, "Ya sani mana, shi ma ya ce a yi kafin ya dawo." Na ce a raina ai don alherinsa ake yi, da an tambaye shi ma da ya yarda. Ku da kuke karantawa kun riga kun ga ramin, ni a lokacin ban gan shi ba.

Ya ce to, kafin ya sayo komai yana son abu biyu. Na farko hoton takardar da ke manne a bayan akwatin, don ya san irin ram ɗin da take ci. Na biyu in kunna ta, in shiga wani shafi da ya kwatanta min, in ɗauko masa hotonsa, don ya ga wane irin windo ne a kanta, wato babbar manhajar da ke tafiyar da komai. Ya ce iri biyu ne, akwai mai talatin da biyu, akwai mai sittin da huɗu.

Na ɗauko mukullin ɗakin a inda Mama ke rataye shi don shara. Na durƙusa na ɗauki hoton takardar, na tura. Na yaye rigar filon, na kunna, ina waiwaye kamar Yaya zai leƙo ta taga. Na bi kwatancen har shafin ya buɗe, ga shi nan ɓaro-ɓaro, 32.

Sai na tuna abu biyu. Na sha gaya wa Injiniya cewa kwamfutar yayana irin ta masu shiga gasa ce, babu irinta a unguwa. Na kuma tuna wata rana a shagonsa da aka kawo wata tsohuwa, ya kunna, ya yi murmushi ya ce, "Talatin da biyu, tsohon yayi." Ba da raini ya faɗa ba, amma kalmar ta zauna min. Na ɗauki hoton, na kalle shi, kunya ta kama ni kamar rigata ce ta yage a gaban baƙi. Na goge shi.

Na rubuta, "Hoton ya ƙi fita, hasken gilashin ya yi yawa. 64 ne."

Ya rubuto, "Kin tabbata? Ki sake dubawa, duk aikin a kansa ya rataya."

"Ka raina ni ne? 64."

Ya turo fuskar dariya da ban haƙuri, ya ce ya duba samfurin, za ta ɗauki ram mai girman har giga goma sha shida, kuma shi zai kawo, kyauta ce ga Yaya. Ni kuwa na kashe kwamfutar na mayar da rigar filo, ina cewa lamba ai lamba ce, da zarar ta fara gudu wa zai tsaya duba wani shafi. Mama ma na gaya mata Yaya ne ya bar saƙo a gyara masa.

Jiya bayan azahar ya iso. Sau uku na sauya kaya kafin na tsaya a kan doguwar riga shuɗiya mai ƙananan fararen furanni da mayafi ruwan toka. Shi kuma riga ce ruwan sararin sama ya naɗe hannunta, da baƙar jakarsa da aka ɗinke mata zif. Ya gaida Mama har ƙasa. Baba ya tafi ganin likitan ido. Mama ta jawo kujerar roba ta zauna a bakin ƙofar ɗakin Yaya da kwandon wanki tana ninkewa, ni kuma na tsaya jikin bango.

Ban taɓa ganinsa yana aiki kusa haka ba. Ya zare wayar wuta, ya danna maɓallin kunnawa ya riƙe na ɗan lokaci, ya shafa tafinsa a ƙarfen akwatin kafin ya taɓa komai a ciki. Ya roƙi ƙaramin faranti ya zuba kusoshin murfin don kada su ɓace. Ya zaro tsofaffin ram guda biyu, wasu 'yan siraran alluna kore, kowanne giga biyu, ya sa su a wata leda mai ruwan azurfa ya ajiye a kan tebur kusa da jakarsa, ya ce na Yaya ne a adana masa. Sannan ya fito da sababbin, kowanne giga takwas, ya daidaita, ya danna da manyan yatsu har suka yi ƙas. Mama ta ce, "Ashe abin ba yawa." Ya yi murmushi ya ce saura a gwada.

Ya kunna ba tare da ya mayar da murfin ba. Fanka ta juya, shuɗin haske ya kama. Sai na ga ya nufi shafin nan, wallahi ban zaci zai buɗe shi ba.

Shafin ya buɗe. Daga inda nake tsaye ina iya karantawa. An sa giga goma sha shida, wanda ake iya amfani da shi uku da 'yan kai. A ƙasansa kuma ga lambar da na goge, 32, tana zaune abinta.

Hannunsa ya tsaya a kan linzamin kwamfutar. Bai juyo ba. Na yi ta kallon ƙeyarsa ina jira ya ce wani abu, ko da faɗa ne.

Mama ta ce, "Ya dai, Injiniya, ta gyaru?"

Ya gyara murya ya yi mata bayani a tsanake. Ya ce ram ɗin ya zauna lafiya, kwamfutar ma ta gan shi, amma windon da ke kanta mai talatin da biyu ne, shi kuwa ba ya iya kaiwa ga fiye da giga huɗu, a cikin huɗun ma sai an cire wa sauran kayan cikin rabonsu. Ya ce, "Kamar an kawo babban tebur ne, Mama, amma mai aikin hannunsa gajere. Iya inda hannun ya kai, nan zai yi aiki, sauran teburin yana nan a banza." Mama ta tambayi mafita. Ya ce sai an sauke windon gaba ɗaya an ɗora mai sittin da huɗu, kuma hakan na share wasanni da duk inda mutum ya kai a cikinsu in ba a kwashe su wani wuri ba tukuna. Wannan kam, in ji shi, ba ya yi sai mai ita yana zaune.

Sai a lokacin ya juyo, amma ba idona ya kalla ba, wayar hannuna ya kalla.

"Ba ni lambar Yaya in yi masa bayani, kada ya dawo ya ga ba abin da ya sauya."

Na ce yana aji yanzu, ba ya ɗauka. Ya ce to zai tura masa saƙo. Na ce wayarsa ta samu matsala. Ina faɗa ina jin muryata na siririncewa, Mama kuma ta ɗago ta dube ni, don da safe a gabana ta yi waya da shi. Ban gama neman ƙarya ta uku ba na ji ƙarar babur a ƙofar gida, irin ƙarar da ko a cikin dubu zan gane. Ashe an rufe horon da kwana ɗaya kafin lokaci.

Na ji an turo ƙyaure, na ji sallamarsa a tsakar gida, na ji takun fararen takalmansa na aiki. Mama ce kaɗai ta amsa.

Ya tsaya a bayan kujerar Mama da jaka a kafaɗa. Ya ga murfin kwamfutarsa jingine da gado, ya ga kusoshi a faranti, ya ga baƙo zaune a kujerarsa. Yaya ba mai ɗaga murya ba ne, in ransa ya ɓaci ƙasa take yi, kuma wannan ya fi tsawa ban tsoro. Ya gaida Mama tsaf kamar ba komai, sannan ya shigo.

Injiniya ya miƙe ya yi masa sannu da zuwa, ya miƙa hannu. Yaya ya bar hannun a iska. Idonsa ya sauka kan ledar azurfar da ke kusa da buɗaɗɗiyar jakar, ya ɗauka, ya zazzago tsofaffin ram ɗinsa a tafin hannu. Na ga jijiyar gefen kansa ta tashi. Ya sunkuya ya karanta gilashin.

"Sha shida a rubuce, uku ke aiki," in ji shi. "An cire nawa masu kyau, an sa min na jabu masu babbar lamba. Wannan salon ma sabo ne."

Injiniya ya ce ba na jabu ba ne, ya sake bayanin talatin da biyu da sittin da huɗu, bai yi sauri ba, bai kuma yi in'ina ba. Yaya ya bar shi har ya kai aya.

"To na ji. Kai da aka ce injiniya ne, ba ka duba ba kafin ka sayo? Ko dai ba ka san aikinka ba, ko ka sani ka yi da wata manufa. Zaɓi ɗaya."

"Ya kamata in duba da idona. Ban duba ba."

"Wa kuma ya ba ka izinin buɗe min kaya?"

A nan ne Injiniya ya kalle ni, sau ɗaya, ɗan gajeren kallo. Na ga lokacin da ya gane ƙarya ta biyun, cewa Yaya bai san da aikin ba. Fuskarsa ba ta nuna fushi ba, wani abu ne kawai ya mutu a cikinta, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya mayar da kansa wurin Yaya.

"Kuskurena ne. Ya kamata in ji daga bakinka."

Ku lura, 'yan uwa, bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Ya rufa min asiri da gaskiya zalla, abin da ni ban taɓa sanin ana iya yi ba.

Yaya ya ce ya mayar masa da kayansa yadda ya same su, yana tsaye yana kallo, sannan ya kama hanya. Ya ƙara da cewa maganar Asabar kada ya wahalar da kansa, shi zai yi wa Baba bayani. Injiniya ya kashe kwamfutar, ya durƙusa a ƙasa da wandonsa mai guga, ya fara zare sababbin.

Ba zan yi muku ado ba, na yi tunanin yin shiru. An riga an rufa min, ba wanda ya ambaci sunana. Zuciyata ta ce ki bari ƙura ta lafa, bayan wata guda ki lallaba Yaya. Tsoron Yaya kuma ba na wasa ba ne. Bai taɓa ɗaga min hannu ba, amma ya taɓa yin wata biyu cur bai yi min magana ba, muna gida ɗaya, in zai miƙo min abu sai ya ajiye a tebur.

Sai na ga Mama ta daina ninke kaya. Rigar Baba na kan cinyarta, hannunta biyu a kai, ta kafe ni da ido. Ita ma na gaya mata Yaya ne ya bar saƙo, kalma ɗaya za ta faɗa ta tone ni, amma ba ta faɗa ba, jira take ta ga irin 'yar da ta haifa. Ga Injiniya kuma a ƙasa, yana ƙoƙarin zura tsohon ram ɗin, mutumin da ɗazu ya yi shi cikin ƙiftawar ido, yanzu sau biyu yana kuskure ramin.

Na buɗe wayata, na shiga hirarmu ta ranar Talata, na miƙa wa Yaya. Na ce, "Yaya, ni ce. Karanta."

Ya karɓa yana hararata. Ya ja sama, ya ja ƙasa. Sannan ya karanto a fili, kalma-kalma, ba tare da ya sa musu komai ba. "Yayanki ya sani? Ya sani mana. Kin tabbata? Ka raina ni ne? Sittin da huɗu." Ya ɗago ya tambaye ni ko ban iya karanta lamba ba ne. Na ce na iya. Ya ce to me na gani. Na ce talatin da biyu. Ya ce me ya sa. Na ce kunya na ji a ce kwamfutar yayana tsohon yayi ce. Ina faɗa na ji yadda maganar ta fito tsirara, ba ta da ko ƙafar tsayawa, hawaye suka zubo min.

Mama ta ce a hankali, "Ni ma haka ta ce min, kai ka bar saƙo."

Yaya ya daɗe yana kallon wayar. Abu ɗaya da ba za a ƙwace masa ba shi ne ba ya jayayya da gaskiya in ta bayyana. Ya ajiye wayar a gado, ba a hannuna ba, ya juya wurin Injiniya ya ce ya tashi. Ya miƙa masa hannu.

"Na yi maka mummunan zato a cikin gidanmu. Ka yafe ni."

Injiniya ya karɓi hannun ya ce ba komai, ko shi ne zai yi zaton haka. Daga nan, abin mamaki, sai hira ta ɓarke tsakaninsu. Yaya ya tambaya ko kwamfutar za ta iya ɗaukar mai sittin da huɗun, aka duba, aka ce za ta iya. Ya tambaya ko motocin da ya shekara uku yana tarawa za su tsira, Injiniya ya ce zai kwashe komai a wani faifai na waje a gaban idonsa, su gwada su tabbatar, sannan a taɓa windon. Suka tsayar da Lahadi. Yaya da kansa ya ce a bar sababbin ram ɗin a ciki, shi ya riƙe murfin, Injiniya ya ɗaura kusoshi. Har ya jawo masa kujera, ya ce Mama a kawo wa baƙo ruwan sanyi, kuma maganar Asabar tana nan.

Na san wasunku sun fara sauke ajiyar zuciya. Ku riƙe ta tukuna. Kusan rabin sa'a suna wannan hira, ni ce na kawo ruwan, ni na miƙa kofin, amma Injiniya bai kalle ni ko sau ɗaya ba. Ya ce an gode yana kallon kofin. Da zai tafi ya yi wa Mama sallama, ya yi wa Yaya, na bi shi har bakin ƙofa ina murza gefen mayafi, ina neman ta inda zan fara. Ya ce, "Koma ciki, akwai rana," ya rataya jakarsa ya tafi.

Ina juyowa na ci karo da Yaya yana shigo da babur. Ya tsaya ya ce, "Mutumin kirki ne, zan gaya wa Baba haka. Ke ce ban sani ba ko kin dace da shi." Ya tura babur ɗinsa ya wuce.

Na shige ɗaki na zauna a bakin gado da kayan jikina. Na rubuta ban haƙuri sau biyar ina gogewa, don duk wanda na rubuta sai in ga na fara yi masa kwalliya. La'asar sakaliya wayar ta yi ƙara. Sai da na yi bismilla kafin na buɗe.

"Na isa shago. Na gode da kika yi magana, na san ba sauƙi. Yayanki ya ce Asabar tana nan, amma ni ban sani ba tukuna. A aikina in aka ba ni lamba ɗaya ba daidai ba, sai na sake duba sauran duka. Wata takwas kina ba ni labarin kanki. Ki zauna ki rubuto min duk inda kika ga talatin da biyu kika ce min sittin da huɗu. Kada ki rage, kada ki ƙara. In na karanta zan san ko zan zo."

Tun jiya nake kan takardar nan. Na fara da ƙanana. Ban iya tuƙi ba, sau biyu kawai na taɓa riƙe sitiyari. Rigar da na ce ni na ɗinka, saya na yi. Manema huɗun da na ce na kora saboda shi, ɗaya ne, kuma shi ya daina zuwa da kansa. Na yi ta rubutawa ina kuka, wani wurin har da dariyar takaici, na kai goma sha ɗaya.

Ta goma sha biyun ce ta tsayar da ni. Na ce masa na gama karatuna, takardar shaida kawai nake jira. Gaskiyar ita ce darasi biyu na faɗi a shekarar ƙarshe, kunya ta hana ni komawa, yau shekara biyu ke nan. Ya riga ya gaya wa mahaifiyarsa mai digiri zai aura. Kuma ba shi kaɗai na gaya wa ba, Baba ma takardar yake jira, duk wata sai ya tambaya ko ta fito, Yaya kuwa shi ya yi ta kai ni makarantar a bayan babur ɗinsa. In na rubuta, na san Injiniya, ba zai zauna gaban Baba da wannan a cikinsa ya yi shiru ba, zai ce in faɗa musu da bakina kafin ya shigo. In kuma na tsallake ta na tura sha ɗaya, zai zo, za a yi murna, kuma ranar da ya gano ba zai sake tambayata komai ba har abada.

Na rubuta lamba goma sha biyu, na sa mata ɗigo, gabanta fari fat. Ɗazu na leƙa wayata na ga yana kan layi, bai ce komai ba, jira yake. Ina jin tsoro, 'yan uwa, tsoron da ban taɓa ji ba. Gobe ce Asabar, kuma ga Mama can a falo tana rataya labulen da ta wanke, tana ƙwala min kira in zo in riƙe mata kujera.